Bikin bazara a Guangzhou: me za mu yi wa yara?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Sabuwar shekarar Sinawa, wato bikin bazara, za ta kama ranar 17 ga Fabrairun 2026, shekarar doki, kuma bana ba za mu je gida ba. Ina neman shawarar abin da zan yi wa yara don su san bikin da ake yi a garin da suke zaune.

Baban Sadik: Wa alaikumus salam. Ki kai su kasuwar furanni ta titin Xihu, su zaɓi ɗan itacen lemo a tukunya irin wanda ake ajiyewa a ƙofar gida.

Hajiya Babba: Ki kai su, amma don Allah da hantsi, ba daren jajibiri ba. Bara da daddare muka je, cunkoso ya raba ni da autata, na yi ta kiran sunanta muryata ba ta fita saboda hayaniya, sai wata dattijuwa ce ta riƙe mini ita a gindin wata rumfa. Tun daga ranar ba na fita da yaro sai da lambar wayata a aljihunsa. Ki kuma tanadi cefane da wuri, domin masu shaguna da yawa suna tafiya garuruwansu.

Anti Nurse: Mu a gida muke yanka jar takarda mu manna a taga, sannan mu naɗe jiaozi, wato ƙullin fulawa da ake cusa wa haɗin nama a ciki, da naman rago. Na kasuwa galibi da naman alade ake yin su, sai a kula.

Malam: Ni jan ambulan ɗin nan mai kuɗi a ciki da ake ba yara a bikin ne ban natsu da shi ba.

Baban Sadik: Allah gafarta Malam, barka da shekara ce kawai, kamar goron sallah. A nan lardin Guangdong, inda Guangzhou yake, ma kuɗin ba su da yawa, yuan 10 ko 20 ya wadatar, sai dai a guji lamba 4. Abin da za mu bari shi ne ƙona turare ga kakanni.

Malam: To, a bayyana wa yaran wannan bambancin tun kafin a fita.

Anti Nurse: Azumi zai shigo kwana ɗaya ko biyu bayan haka, don haka bikin fitilu na rana ta 15 ga sabuwar shekarar sai bayan buɗa-baki.

Maman Ilham: Na gode. Hajiya, ko bara kun kalli rawar zaki, wadda masu wasa ke yi cikin shigar zaki? A ina ake yin ta?