Yaya marubuci yake sa mu ji harshen da bai rubuta da shi ba?

Ɗalibar Adabi, Gombe:

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Ina rubuta ƙagaggen labari da Hausa wanda ya wakana a Gombe, kuma a cikinsa akwai wata dattijuwa da ba ta yi wa jikokinta magana sai da Fulatanci, da wani ɗan kasuwa Batangale, ga kuma matasa masu cuɗanya Hausa da Turanci. Wace dabara ce marubutan da suka tashi da harsuna da yawa suke bi har mai karatu ya ji harshe ya sauya a bakin mutum, alhali da harshe ɗaya aka rubuta littafin? Ba na so in cika shafi da kalmomin da mai karatu a Sakkwato ba zai gane ba, kuma ba na so kowa ya yi magana da murya ɗaya.

Malamin Hausa, Bauchi:

Wa'alaikumus salam, Malama. A ganina asirin yana cikin ginin jimla da tsarin tunanin mai magana, ba cikin yayyafa baƙin kalmomi ba. Ahmadou Kourouma na ƙasar Kodebuwa da Faransanci ya rubuta littafinsa na farko, wanda ya fito a 1968, amma ya lanƙwasa Faransancin ya bi hanyar Malinke, harshen da ya sha a nono, har ya zama mai karatu yana jin mutanen ƙasarsa suna magana ko da yake ba da harshensu aka buga ba. Chinua Achebe ma haka ya yi a littafinsa na Turanci na 1958: dattawansa na Ibo ba sa faɗa wa magana kai tsaye, sai sun kewaya da karin magana tukuna, kuma wannan kewayen ne yake shaida mana cewa ba Turanci suke yi ba.

Saboda haka ki saurari tsofaffin Fulani da kyau. Ki lura da tsawon gaisuwarsu, da abin da kunya take hana su ambata, da yadda shanu da damina suke shiga misalansu. Idan kika zuba waɗannan cikin tsabtatacciyar Hausa, kika kuma faɗa sau ɗaya tun farko cewa da Fulatanci take magana, mai karatu zai riƙe wannan har ƙarshen littafi.

Mai Nazari, Azare:

Ina tare da Malam, sai dai ina so in ƙara cewa ba kowane sauyin harshe ne ya wajaba a nuna ba. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ƙwarewarsa a Turanci ba ɓoyayya ba ce, ya rubuta Shaihu Umar da Hausa a gasar rubutun Hausa da wani Bature jami'in ilimi, Rupert East, ya shirya a 1933. Labarin ya ratsa hamada har ƙasashen Larabawa, amma duk zancen da Hausa ya zo, kuma bai yi wa kowa nauyi ba, domin Shaihun ne da kansa yake ba almajiransa labari. Wanda kika ɗora wa ba da labarin shi ne zai yanke miki yawancin wannan hukunci.

Mai Fassara, Kaltungo:

'Yar'uwa, abin da ya fi damuna shi ne ɗan kasuwar nan Batangale. An daɗe ana nuna wanda ba Bahaushe ba ta hanyar karya masa Hausa, a sa ya ce "ya" a wurin "ta" don a yi dariya, kuma wannan yana rage wa mutum daraja ko da marubuci bai yi nufin haka ba. Gaskiya ne cewa Fulatanci ba ya raba namiji da mace a nahawunsa kamar Hausa, kuma ko a Hausar Bauchi akan ji "rigan Audu" inda Bakano zai ce "rigar Audu", amma irin wannan alama sau ɗaya ko biyu ta wadatar. Mutumin da yake ciniki da harsuna uku a kasuwa gwani ne, kuma ya kamata a ga gwanintarsa a rubuce.

Abin da ya fi amfani shi ne ki nuna lokacin da yake sauya harshe da dalilin sauyawar. Yana iya yin ciniki da Hausa, ya cika takardar banki da Turanci, amma idan saƙon rasuwa ya iske shi, da Tangale zai fara magana, kuma a nan ne jimla ɗaya ta harshensa za ta yi nauyi ko ba a fassara ta ba. Helon Habila, wanda aka haifa a nan Kaltungo a 1967, ya kuma ci kyautar Caine ta gajerun labaran Afirka a 2001, da Turanci yake rubutu, don haka ita wannan matsalar yana fuskantarta ta ɗaya gefen.

Game da matasa kuwa, ki bar musu Turancin da suke faɗa da gaske, ki rubuta shi da ƙa'idar rubutun Hausa, amma kada ya tsallaka cikin muryar mai ba da labari.