Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar

Bakatsine: Jama'a, jiya rigima ta tashi a gidanmu kan ƙanen babanmu mai taɓin ƙwaƙwalwa. Ya daina wanka, an ware masa kwano da buta, an hana yara shiga ɗakinsa. Inna ta ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Yayanmu ya ce ai likita ma yankewa yake yi. Wa ke da gaskiya?

Maman Sadiƙ: Ware masa kwano ai yankewar ke nan. Ba a ɗaukar ciwon nan a kwano, kuma daina wankan ma cikin ciwon yake.

Ɗan Fagge: Ni a sanina maganar ta ɗan da ya lalace ce, ɓarawo ko ɗan shaye-shaye. Mara lafiya bai ruɓe ba, a daina jingina masa ita.

Bazamfariya: Allah ya jiƙan kakata. Kishiyarta ce ke da ƙyanƙyamin. In ta taɓa ƙofar makewayi, sai ta wanke hannu da toka da sabulun salo har fatar ta tsage. A sallame la'asar tana bakin rijiya tana maimaita alwala. Ba ta cin tuwo da kowa, gari ya ɗauka girman kai ne. Kakata kaɗai ta san kuka take yi in ta shiga ɗaki. Sai ta riƙa ja ta su sa hannu a akushi ɗaya, loma ɗaya yau, biyu gobe, ta riƙe butar tana janta da hira har tsigar jikinta ta kwanta. Kishiya fa!

Nas Hauwa: Yaya, wannan waswasin ciwo ne sananne, OCD. Abin da kakarki ta yi kusan shi ake yi a asibiti: a taɓa abin, a jinkirta wankewa. Ƙyama ta fi tsoro jinkirin sauka, sai da haƙuri. Bakatsine, ku kai baffa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano ko na Barnawa a Kaduna.

Almajirin Malam: Malamanmu na Malikiyya ma sun ce wanda kokwanto ya aura ya yi watsi da shi, kada ya sake alwala.

Ɗan Fagge: To masu gaisawa da mu lokacin kamfe su shiga mota su wanke hannu fa? Barnawa ko Dawanau?

Maman Sadiƙ: Su ƙyamarsu ta shekara huɗu ce. An sa hannu kan dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a 2023, ta maye gurbin ta 1958, amma a ƙauyenmu har yau mari ake sa wa mutum a ƙafa.

Almajirin Malam: Bazamfariya, shi maigidan nasu yana ina duk wannan lokacin?