"Ba a fafe gora ranar tafiya": wa ake nufi idan ministocin sabon shugaban Amurka suka maƙale a majalisa?

Malam Isuhu: Assalamu alaikum jama'a. Duk sanda aka rantsar da sabon shugaban Amurka, aka wayi gari majalisar dattawa ba ta tabbatar masa da ministoci ba sai ɗaya ko biyu, sai ka ji an ɗauko "ba a fafe gora ranar tafiya". Ga abin da ya sa ake faɗa. Ranar 20 ga Janairun 2009, ranar rantsuwa, sanatoci sun amince wa Obama da sakatarori (wato ministoci) shida a zama ɗaya, da ƙuri'ar murya. A 2017 biyu Trump ya samu, Mattis na tsaro da Kelly na tsaron cikin gida. A 2021 Biden bai samu sakataren ma'aikata ko ɗaya ba a ranar, sai Avril Haines, shugabar hukumomin leƙen asiri. A 2025 Marco Rubio na harkokin waje ne kaɗai ya wuce, da ƙuri'a 99. To a nan wane ne matafiyin, kuma mene ne goran? Sanatoci ake yi wa gugar zana ko shugaban?

Hajiya Balaraba: Wa alaikumus salam, Malam. Mu fara da goran. Fafewa ita ce a yanke bakinsa a kwashe 'ya'ya da totuwar ciki, sannan a jiƙa shi kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita. Wanda ya bari sai safiyar tafiya, ruwa mai ɗaci zai sha a hanya. Don haka mai gora ake wa magana, wato shugaban da aka zaɓa. Shi ke da tafiya.

Kuma tsarin ya ba shi lokaci. Ana zaɓe a farkon Nuwamba, sabuwar majalisa ta zauna 3 ga Janairu, shi kuma ya sha rantsuwa da tsakar ranar 20. Kafin rantsuwa ba shi da ikon miƙa suna a hukumance, sanarwar niyya kawai yake yi, amma kwamitoci suna karɓar wannan su fara zaman tantancewa a cikin kwana 17 ɗin da ke tsakani. Sharaɗin shi ne takardu su iso. Akwai doguwar takardar tsaro mai lamba SF-86, wadda hukumar bincike ta FBI ke ɗora bincikenta a kai: inda mutum ya zauna, ƙasashen da ya je, basussukansa, baƙin da yake hulɗa da su. Akwai takardar bayyana kadara mai lamba 278, wadda ofishin ɗa'ar ma'aikata ke dubawa, daga nan a rubuta yarjejeniyar abin da zai sayar da al'amuran da zai tsame hannunsa daga cikinsu. Kowane kwamiti kuma yana da tambayoyinsa a rubuce, kwamitin kuɗi har takardun haraji yake karɓa. Mai albashi da gida ɗaya ya gama da wuri. Attajiri mai hannun jari a kamfanoni barkatai, tasa takan ci makonni. A 2017 sai da aka ɗage zaman tantance Betsy DeVos, wadda aka zaɓa wa ma'aikatar ilimi, daga 11 zuwa 17 ga Janairu, ana ta kukan cewa takardunta na ɗa'a ba su kammala ba.

Ɗanjuma: Hajiya, da girmanki, ni ina ganin ranar tafiyar ba 20 ga wata ba ce. Ranar da mutum ya zauna gaban kwamiti ita ce ranar, kuma karin maganar da ta fi dacewa da ita "ranar wanka ba a ɓoyon cibi". Yana zaune shi kaɗai a tebur, kyamarori a kansa, kowane sanata yana da 'yan mintocinsa, ana karɓa-karɓa tsakanin jam'iyyun biyu bisa daɗewa a kwamitin. In an tashi kuma a biyo shi da tambayoyi a rubuce, wani lokaci ɗaruruwa, kuma ba a cika kaɗa ƙuri'a a kwamiti ba sai ya amsa. Me ya rage a ɓoye?

Baba Alhassan: Ɗanjuma, yaro, talabijin ya ruɗe ka. Ranar wankan da kake faɗa, yawanci an riga an ga cibin tun a ɗaki. A duk tarihin Amurka mutum tara ne kacal majalisar dattawa ta kayar da ƙuri'a a kan kujerar minista. Na farko Roger Taney a 1834, na ƙarshe John Tower, wanda Bush babba ya zaɓa wa ma'aikatar tsaro, ya faɗi da 47 da 53 a Maris na 1989. Tun daga nan ba a sake ba. Wanda aka ga ba zai kai ba, janyewa yake yi kafin a kunyata shi a zaure. Zoë Baird a 1993, a kan 'yan aikin gida marasa takardun izini da harajinsu da ba a biya ba. Tom Daschle a 2009, shi da ya taɓa zama shugaban masu rinjaye na majalisar, a kan harajin mota da direba da aka ba shi. Andrew Puzder a 2017, ana gobe zamansa. Matt Gaetz a Nuwamban 2024, kwana takwas da ambaton sunansa, ko kusa da kwamiti bai je ba. Abin da ke kashe suna shi ne zagayen ofis-ofis da ake yi a gaishe da sanatoci ɗaya bayan ɗaya, a ƙirga kawuna. In lissafi bai kai 50 ba, sai a kira mutum a waya.

Karin maganarka tana da wurinta, amma ga wanda ake tantancewa ake faɗarta, a matsayin shawara: faɗi aibinka da bakinka tun a takarda. Timothy Geithner, wanda aka zaɓa wa ma'aikatar kuɗi, shi ma yana da matsalar haraji a wannan shekara ta 2009. Ya biya, ya ba da haƙuri gaban kwamiti, ya wuce da 60 da 34.

Ɗanjuma: Na karɓa, Baba. Amma Baird ai ta zauna gaban kwamitin kafin ta janye.

Baba Alhassan: Ta zauna, gaskiyarka. Shi ya sa na ce yawanci.

Barista Talatu: Ni dai ƙorafina a kan karin maganar Malam Isuhu ne ita kanta. Tana ɗauka cewa in ka fafe goranka da wuri, tafiya ta yiwu. A majalisar dattawa ba haka abin yake ba, domin abin da ya fi komai tsada a can shi ne lokacin zaure. Bari in bi ranar aiki yadda take.

Ana buɗewa da addu'ar limamin majalisa, a yi mubaya'a ga tuta, shugaban masu rinjaye da na marasa rinjaye su yi jawabansu, sannan sau da yawa a ba sanatoci 'yan mintoci kowa ya faɗi abin da ke ransa. Majalisar tana da zama iri biyu, na dokoki da na harkokin zartarwa, kowanne da jadawalinsa. Sunayen da kwamiti ya sallamo suna hawa jadawalin zartarwa, kuma bisa ƙa'ida sai suna ya kwana a kai kafin a ɗauko shi. Shugaban masu rinjaye ne ke zaɓar wanda za a ɗauko.

Daga nan, ga minista, hanya biyu ce. Ta farko, ya nemi amincewar kowa da kowa. In babu wanda ya ce uffan, cikin minti ɗaya an gama, kuma haka aka yi wa mutanen Obama shida. In sanata ɗaya tak ya ce bai yarda ba, sai hanya ta biyu: sanatoci 16 su sa hannu a takardar neman rufe muhawara. A ce an shigar ranar Litinin. Talata ba a taɓa ta, sai Laraba a kaɗa ƙuri'ar rufewa. In ta wuce, masu adawa suna da har awa 30 na magana kafin ƙuri'ar ƙarshe, ka ga an kai daren Alhamis a kan mutum ɗaya. Ana iya shigar da takardun rufewa da yawa lokaci guda, amma awa talatin-talatin ɗin bi da bi suke tafiya. Ma'aikatu 15 ne. In aka ƙone awa 30 a kan kowanne, awa 450 ke nan, kusan kwana 19 ba dare ba rana, ba a taɓa wata doka ba. Kuma muƙaman da ke buƙatar amincewar majalisar sun haura 1,200.

To mutumin da takardunsa suka cika tun Disamba, yana layi a bayan mutum takwas, wa zai ce masa bai fafe gora ba?

Malam Isuhu: Barista, ashe ba a rage wannan ba? Ina jin an ce an sauya ƙa'idar.

Barista Talatu: An sauya, amma kashi-kashi. A Nuwamban 2013, ƙarƙashin Harry Reid, shugaban masu rinjaye na lokacin, aka sauko da ƙuri'ar rufe muhawara a kan naɗe-naɗe daga 60 zuwa rinjaye kawai, ban da alƙalan kotun ƙoli, su ma aka haɗa da su a 2017. A Afrilun 2019 aka rage awa 30 zuwa awa 2 ga ƙananan muƙamai da alƙalan kotunan gunduma. Ministoci ba su shiga wannan ragin ba, nasu yana nan a 30. Sakamakon 2013 shi ne marasa rinjaye sun rasa ikon tarewa, sai ikon jinkirtawa ya rage a hannunsu, kuma da shi suke aiki. Haka shugaba ya daina neman wanda ɗaya jam'iyyar za ta iya haɗiya, tunda nasa sun ishe shi.

Sagir: To ai nan "sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi" ta shigo. Mai 51 ya gama magana.

Hajiya Balaraba: Ƙanena, ta shigo a ƙuri'ar ƙarshe kaɗai, kuma ko a can yawan sai an yi kiwonsa. Dubi DeVos. 'Yan Republican 52 ne a 2017. Biyu, Susan Collins da Lisa Murkowski, suka ce a'a, ya zama 50 da 50. 'Yan Democrat suka kwana a zaure suna magana ko za su janyo na uku, ba su samu ba. Ranar 7 ga Fabrairu mataimakin shugaba Mike Pence ya zo ya raba gardama, karo na farko da aka yi haka a kan minista. Abin lura shi ne Jeff Sessions, wanda aka zaɓa antoni-janar, yana nan a kujerarsa ta sanata a ranar, ya kaɗa mata ƙuri'a, washegari aka tabbatar da shi. Da an fara da shi, da lissafin ya rushe. Ka ga jera sunaye ma aiki ne. An sake irin wannan kunnen doki ranar 24 ga Janairun 2025 a kan Pete Hegseth na tsaro, mataimakin shugaba JD Vance ya raba.

A kwamiti kuwa marasa rinjaye suna da 'yan makamansu. A kwamitin shari'a kowane mamba yana iya neman a ɗage ƙuri'a mako guda. Akwai ƙa'idar da ta hana kwamiti zama bayan majalisa ta yi awa biyu da buɗewa, ko bayan ƙarfe biyu na rana, sai da izini, kuma in rai ya ɓaci a hana izinin. A ƙarshen Janairun 2017 'yan Democrat sun ƙaurace wa kwamitin kuɗi don kada adadin zama ya cika a kan Mnuchin na ma'aikatar kuɗi da Price na lafiya. Washegari masu rinjaye suka jingine ƙa'idar suka wuce da sunayen.

Baba Alhassan: Ku dawo kan amfani da maganar, don shi aka tambaya. Hausawa suna faɗarta iri biyu: gargaɗi kafin lokaci, ko zargi bayan abu ya lalace. Ta gargaɗi kullum daidai take. Ta zargi sai an duba ko mutum ya samu lokacin da ya yi wasa da shi. Bush ƙarami a 2000 bai san ya ci ba sai da kotun ƙoli ta yanke hukunci 12 ga Disamba, rabin lokacin shirinsa ya tafi. Biden a 2020 ba a buɗe wa mutanensa ƙofofin ma'aikatu ba sai 23 ga Nuwamba, sannan ba a san mai rinjaye a majalisar dattawa ba sai bayan zaɓen sanatocin jihar Jojiya na 5 ga Janairu. Majalisa ta tsaya 50 da 50, ba a amince da tsarin rabon kwamitoci ba sai 3 ga Fabrairu, kafin nan shugabannin kwamitoci na tsohon rinjaye ne ke riƙe da guduma. Merrick Garland bai zama antoni-janar ba sai 10 ga Maris, alhali ƙuri'a 70 ya samu. Wanda ya jefi Garland da wannan karin magana ya zalunce shi.

Inda ta zauna daram kuwa shi ne cikas ɗin da aka san da shi tun farko. Doka ta hana hafsan da bai cika shekara bakwai da tuɓe kaki ba, a wancan lokacin, zama sakataren tsaro. Mattis da Lloyd Austin duk sun faɗa ciki, sai da majalisun biyu suka yi dokar sassauci ta musamman. Ta Mattis an gama ta kafin rantsuwa, Trump ya sa hannu a ranar, aka tabbatar da shi da yamma. Haka Hillary Clinton: kundin tsarin mulki ya hana ɗan majalisa hawa muƙamin da aka ƙara wa albashi a cikin wa'adinsa, sai aka maida albashin sakataren harkokin waje yadda yake tun a Disamban 2008, ta wuce 21 ga Janairu da 94 da 2.

Sagir: Baba, to kafin a tabbatar da minista, wa ke riƙe da ma'aikatar? Ko a rufe take?

Barista Talatu: Ba a rufewa, Sagir. Dokar cike guraben muƙamai ta 1998 ta ba da damar naɗa mai riƙon ƙwarya: mataimaki na farko, ko wani da majalisa ta taɓa tabbatarwa a wani muƙamin, ko babban ma'aikacin cikin gida. Wa'adinsa kwana 210 ne, amma a farkon sabuwar gwamnati ana ba da 300, kuma in an miƙa suna yana jiran majalisa, mai riƙon yana iya ci gaba har a yanke hukunci. Sabon shugaba yana kuma iya barin ministan da ya tarar ba tare da sabuwar ƙuri'a ba, kamar yadda Obama ya bar Robert Gates a ma'aikatar tsaro. Illar riƙon ƙwarya ita ce mai shi ba ya son yanke babban hukunci, kuma in wa'adin ya wuce, akwai ayyukan da in ya sa musu hannu ana iya rushe su a kotu.

Abu ɗaya da ba a ambata ba: sunan da majalisa ba ta yi hukunci a kansa ba har ta rufe zangon shekara, ko ta tafi hutun da ya wuce kwana 30, komawa yake yi fadar shugaban ƙasa, sai in an amince baki ɗaya a bar shi. In ya koma, sai an sake miƙo shi, kwamiti ya sake sallamo shi, kuma sau da yawa a sabunta takardun kadarar da suka tsufa.

Ɗanjuma: Wato a sake fafe wani goran.

Hajiya Balaraba: A'a, binciken FBI da amsoshin baya suna nan, ba daga tushe ake komawa ba. Wurinsa a layi ne ya rasa.