Abin da mafarauta suka ce kan harsashin dunƙule a ƙananan bindigogi

Ga abin da na tattara daga maganar mafarauta kan farautar barewa a Amurka da harsashin dunƙule (mai dalma guda ɗaya) a bindigogin .410, geji 28 da geji 20. Geji ma'aunin faɗin bututun bindiga ne: geji 20 ya fi geji 28 faɗi, .410 kuma ta fi su ƙanƙanta.

1. An yarda a fara da doka. Jihar Illinois ba ta yarda da abin da ya gaza geji 20 faɗi ba, jihar Ohio kuwa ta yarda da .410.

2. Nan ne kowa ya dage, kuma da gaskiyarsu: in kana haɗa harsashi da kanka, kada ka canza kwanso, hular tartsatsi, toshiya ko albarushi daga abin da littafin ma'auni ya rubuta. Canza hula kaɗai na iya ɗaga matsi, kuma bindigar ba ta gargaɗi kafin ta fashe. Iyakar matsin geji 20 psi 12,000 ce (psi ma'aunin matsi ne). A auna kowane zubin albarushi da sikeli.

3. Bututu mai zare a ciki, a sa masa harsashin sabot (mai rigar roba). Mai santsi, a sa masa harsashin dunƙule irin Foster ko Brenneke.

4. An rabu kan .410. Dalmarsa galibi kwatan oza ce ko ƙasa da haka. Wasu sun ce tana kashewa a ƙasa da yadi 50 in an sami huhu. Da yawa sun ce raunata dabba take yi, a koma geji 20.

5. Geji 28: kayan haɗa harsashi na wuyar samu.