Wace kalmar Hausa za mu ba MVP? Gardamar Judge da Ohtani ce ta sa ni tambaya

Assalamu alaikum 'yan uwa masu rubuta labarin wasanni da Hausa. Akwai wata kalma da ta daɗe tana ci min tuwo a ƙwarya, yau na kawo ta gabanku: MVP, wato Most Valuable Player a Turance. Da waɗannan haruffa uku Amurkawa ke taƙaita sunan kyautar da ake ba ɗan wasa ɗaya tak a ƙarshen kakar wasa, kuma harafin tsakiya, wato valuable, shi ne ƙashin wuyan. Yawancinmu "gwarzon ɗan wasa" muke rubutawa mu wuce. Ni ma haka nake yi, sai ranar da na zauna ba ƙanena labarin abin da ya faru a wasan besbol na Amurka a 2022, na ga kalmar ta kasa ɗaukar kayan.

Ga wanda bai san wasan ba: mutum ɗaya ne ke jifa da ƙwallo, wani ya tsaya da gora yana jiran ya maka ta. In ya maka ta har ta tsallake katangar fili, ya ci maki ke nan ba mai tare shi. Jifa sana'a ce daban, bugu ma sana'a ce daban, da wuya a ga mai haɗa su.

A waccan shekarar Aaron Judge na New York Yankees ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 62, ya shafe tarihin 61 da Roger Maris ya kafa a gasar American League (ɗaya daga manyan gasa biyu na besbol a Amurka, ɗayar ita ce National League) tun 1961. Shi kuwa Shohei Ohtani, ɗan Japan da ke Los Angeles Angels a lokacin, ya tsallakar sau 34, sannan ya koma wurin jifa ya ci wasa 15, ya sallami masu bugu 219 da jifansa. Aikin mutum biyu a jikin mutum ɗaya. Amma Yankees sun ci wasa 99 cikin 162 sun jagoranci rukuninsu, Angels kuwa 73 kawai suka ci, ba su je ko'ina ba. Da aka ƙirga ƙuri'un 'yan jarida 30 masu zaɓe, 28 sun sa Judge a farko, 2 suka sa Ohtani.

Ina gama labari yaron ya ce, "Yaya, ai Ohtani ne gwarzo." Na rasa ta cewa, domin da Hausa gaskiyarsa. Gwarzo shi ne wanda ya yi abin da maza suka kasa, ba ruwan kalmar da ko garinsu ya ci yaƙi ko an ci su. In kyautar ta gwarzo ce, an zalunci Ohtani. To amma ba abin da masu zaɓen suka auna ba ke nan.

Ƙungiyar marubuta labarin besbol ta Amurka ce ke wannan zaɓe tun 1931, kuma takardar da take raba wa masu ƙuri'a ta faɗa ƙarara cewa kalmar ba ta da tsayayyiyar ma'ana, kowa ya yanke da kansa. Ta kuma ce ba dole ba ne wanda za a zaɓa ya fito daga ƙungiyar da ta yi nasara. Shi ya sa kusan kowace shekara sai an yi cacar baki. A 2012 ma haka aka yi: Miguel Cabrera na Detroit ya zo na ɗaya a manyan ma'aunai uku na bugu, abin da rabon a gani tun 1967, ya samu ƙuri'a 22 cikin 28, alhali masu lissafi sun dage cewa matashi Mike Trout ya fi shi in aka haɗa da gudu da tsaron fili.

Na gode da amsoshin da suka fara shigowa. Wani ɗan uwa ya ce a fassara kai tsaye, "ɗan wasa mafi daraja". Malam, ban ƙi ba, sai dai gwada karanta ta a rediyo. Mai saurare zai ɗauka maganar kuɗi ake, wanda ya fi tsada a kasuwar 'yan wasa, ko kuma wanda aka fi ganin girmansa. "Mafi amfani" ta fi kusa da ma'ana, amma ba ta da kwarjini, kamar ana yabon garma. "Zakara" kuma mun riga mun ba wanda ya ɗauki kofi, kar mu ruɗa mutane.

Wata baiwar Allah ta kawo "jigo". Wannan ta tsayar da ni, domin jigon lambu shi ke ɗaukar nauyin guga, in ya karye ban ruwa ya tsaya. Matsalar ita ce 'yan siyasa sun cinye kalmar, yanzu kowane mai babbar riga jigo ne a jam'iyya. Nauyinta ya ragu.

Ni abin da nake ba da shawara shi ne ginshiƙi. Ginshiƙin shekara.

Ba a auna ginshiƙi da kyawunsa, ana auna shi da abin da zai faru da soro in aka cire shi. Wannan tambaya ce masu lissafin besbol suke yi da ma'aunin da suke kira WAR: wasa nawa ƙungiya ta ci saboda wannan mutum, waɗanda da ba ta ci ba in da ɗan cike gurbi aka sa a madadinsa? A 2022 lissafin ya ba Judge sama da 10, Ohtani sama da 9, jifa da bugu a haɗe. Duk wanda ya bi Yankees a watan Agustan shekarar, lokacin da suke ta shan kashi sauran masu bugu sun yi sanyi, ya ga yadda mutum ɗaya ya riƙe rufin. A nawa ganin zaɓen Judge daidai ne, kuma da Hausa ina iya faɗin dalili a jimla ɗaya: Ohtani ne gwarzon 2022, Judge ne ginshiƙinta.

Wani dattijo a cikinmu ya jefo tambaya mai nauyi. Ya ce Andre Dawson ya ci kyautar a 1987 alhali Chicago Cubs ne na ƙarshe a rukuninsu, Alex Rodriguez ma haka da Texas a 2003, Ohtani kansa ya ci a 2021 da 2023 da dukkan ƙuri'u 30, Angels kuwa ba su kai wasannin ƙarshe ba. Ya ce, ginshiƙin gidan da ya rushe fa? Allah ya ƙara girma Baba, na ji wannan sosai, kuma nan ne kalmar tawa ta fi rauni. Amsata ita ce tsohon soron da ruwa ya cinye ma yana da ginshiƙi, sau da yawa ma shi kaɗai za ka tarar a tsaye, kuma nauyin da ke kansa ya fi na ginshiƙin sabon gini. Kalmar tana barin ƙofar gardama a buɗe kamar yadda ta Turancin ta bari: wani ya ce ginshiƙi sai a gidan da ya tsaya, wani ya ce a'a. Gwarzo kuwa rufe ƙofar take, ta yanke hukunci tun kafin a jefa ƙuri'a.

Ban ce a yar da gwarzo ba. Kyautar da Victor Osimhen ya ci a 2023 da Ademola Lookman a 2024 ta ɗan ƙwallon Afirka na shekara ce, can gwarzo ta zauna daram, a bar ta a wurinta. Inda dai aka rubuta MVP, a besbol ko a ƙwallon kwando, nan nake roƙon mu gwada ginshiƙi: ginshiƙin shekara, ginshiƙin gasa, ginshiƙin wasan ƙarshe. Da farko na so in ce ginshiƙin kaka, sai wani ya tuna min za a ɗauka kakar wani ake nufi ko lokacin girbi, na janye.

Daga yau haka zan riƙa rubutawa: "An zaɓi Shohei Ohtani ginshiƙin shekarar 2024 a gasar National League, bayan ya koma Los Angeles Dodgers." Ku karanta ta da ƙarfi ku ji ko ta zauna a baki. Saura sunan bugun nan da ke tsallake katanga, wanda tun farkon maganar nan nake kewaya shi da kalmomi uku huɗu. Masu jin Hausar karkara, ku taimaka da guda ɗaya.