Ana so a rushe gidan gadonmu a unguwar Nima ta Accra a gina bene, me kuke gani?

Dan Nima:
Salamu alaikum 'yan uwa, shawara nake nema. Gidan kakanmu ne, irin tsohon gidan nan mai tsakar gida, dakuna a jere kowa da murhunta a kofar daki, mu magada muna ciki ga kuma 'yan haya da wasunsu tun ba a haife ni ba suke nan. Yanzu wani mai kudi ya zo yana so ya rushe ya gina bene hawa hudu, kasa shaguna sama gidajen haya, ya ba mu kasonmu ya rike sauran na wasu shekaru. Kawunnai sun yarda, Hajiyarmu ta ce sam, ita ba za ta hau sama ta rufe kofa a rasa wanda zai leko ya ga ko ta tashi lafiya ba. Ni kuma na rasa inda zan tsaya domin gidan ko bandaki babu, sai na kudi ake bin layi da asuba, kwanon ma duk yana yoyo.

Alhajin Kasoa:
Wa alaikumus salam. Dana ku gina, amma kar ku sayar ko taku daya. Duba inda Nima take, ga Kanda ga Roman Ridge ga Airport, fadar shugaban kasa Jubilee House ma nan kusa, shi ya sa idon masu kudi ke kanta. A 2019 gwamnati da kanta ta yi maganar sake gina Nima. Kafin kowa ya sa hannu ku je hukumar filaye, wato Lands Commission, ku tabbatar da takardun filin, ku nemi lauyanku daban ba nasa ba, a rubuta shekarun da zai rike da ranar da ginin zai dawo hannunku, kuma ku ga izinin gini na karamar hukumar Ayawaso East da idonku. Magada mata ma su zauna a wajen.

Ummu Khadija, Maamobi:
Alhaji a gafarce ni, duk maganar ba wanda ya ambaci 'yan hayan. Ina za su? Dokar haya ta 1963 ta ce kar a karbi fiye da kudin wata shida gaba, amma wane mai gida ne a Accra yau zai ba ka daki bai ce shekara biyu ba? Matar da ke sayar da koko da kosai a bakin lungu ba za ta iya hayar bene ba, Amasaman ko Ashaiman za ta koma, masu sayen kokonta kuwa suna nan Nima, yaranta sun bar makarantar allon da suka saba, in ta yi rashin lafiya ba makwabciyar da za ta daura mata ruwan zafi. Mun ga yadda aka kwashe 'yan albasa daga Agbogbloshie zuwa Adjen Kotoku a 2021, har yau in ka zauna da su nisan wurin suke kuka da shi. A zango in an yi rasuwa kafin azahar an hada kudin likkafani, in suna ne tukunyar makwabta ake aro, duk tsakar gidan nan ce ke rike da wannan. Hajiyarku ta san abin da take fada wallahi.

Injiniya Aboabo:
Yaya Khadija na ji ki, sai dai ba za mu bar mutane cikin wannan hali don zumunci ba. Mu ma nan Kumasi haka Aboabo da Sawaba suke, da damina ruwa har daki. Ni abin da ya fi damuna lungu ne. Kowa ya gina har bakin iyaka, ga lungu mutum biyu ba sa iya wucewa tare, makara ma sai an karkata ta, to in wuta ta tashi a hawa na hudu ta ina motar kashe gobara za ta shigo? Sannan gida daya ya zama gida ashirin ruwan wanka da na wanki duk gwata daya za su bi, ita kuma ta riga ta cika da leda, daga can sai rafin Odaw. Ba mu manta ambaliya da gobarar gidan mai ta 3 ga Yuni 2015 a Kwame Nkrumah Circle ba, mutum sama da 150 suka rasu. An kafa asusun raya zango a 2017, Nima kuma tana cikin unguwannin aikin GARID na Bankin Duniya na magance ambaliya a Accra, ku tambayi dan majalisar unguwarku ko an shata hanya ko gwata ta gefen gidanku kar ku gina a zo a sa muku jan fentin rusau. Shawarata hawa biyu zagaye da tsakar gida, tsofaffi a kasa, bandaki a kowane bangare, a ja katanga baya kadan a bar wa lungu.

Dan Nima:
Na gode kwarai, Allah Ya saka. Injiniya hawa biyun nan ya kwanta min, matsalar mutumin zai ce ba riba. Zan kai maganar zaman da za mu yi bayan Juma'a, kuma zan ce a kira 'yan hayan su ji da kunnensu. Akwai wanda ya taba yin ginin kashi kashi, a rushe bangare daya mutane na zaune a dayan? Nawa ya ci muku?