Rikicin kamfanin sukari na Mumias a Kenya: manoma, masu hannun jari ko 'yan siyasa, wa ya kayar da shi?

Abdu Mai Lissafi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Kwanan nan na tsinci kaina ina bibiyar labarin kamfanin sukari na Mumias da ke gundumar Kakamega a yammacin Kenya, kuma akwai abin da ya ɗaure mini kai. Gwamnatin Kenya ce ta kafa kamfanin a 1971 tare da kamfanin Booker na Ingila, ya fara matse rake a 1973, aka sanya shi a kasuwar hannayen jari ta Nairobi a 2001, kuma an yi lokacin da babu masana'antar sukari a faɗin ƙasar da ta kama ƙafarsa. Amma a watan Satumba na 2019 bankin KCB ya naɗa masa mai kula da kadara saboda bashi, aka kuma dakatar da cinikin hannun jarinsa.

Tambayata ita ce, yaya kamfanin da ke sayar da abin da kowane gida yake saya kullum, a ƙasar da sukarin da take yi ba ya isarta, zai durƙushe haka? Manoma suna cewa an cuce su, shugabannin kamfanin suna cewa manoma ne suka karkatar da rake zuwa wasu masana'antu, kowane ɓangare kuma yana nuna 'yan siyasa da yatsa. Ina roƙon waɗanda suka san lamarin su fahimtar da ni.

Malam Garba Na-Fadama ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam Abdu. Ba za a gane wannan rikici ba sai an fara gane yadda raken masana'anta ya bambanta da raken da muka sani. Manomin rake a Maƙarfi yana da masu saye da yawa: akwai dillalin da zai loda mota zuwa kasuwa, akwai mai yin mazarƙwaila, akwai mai sayarwa gaɓa-gaɓa a bakin titi. Manomin Mumias kuwa asali mai saye ɗaya gare shi, kuma tun kafin ya dasa ya riga ya sa hannu a yarjejeniya da shi. Gonar kamfanin ta kansa ƙarama ce idan aka gwada da abin da injinsa yake ci, saboda haka mafi yawan raken daga dubban ƙananan manoma yake fitowa, waɗanda da yawansu gonarsu ba ta wuce eka ɗaya ko biyu ba.

Ga yadda tsarin yake. Kamfani ne yake kawo motar noma ta yi huɗa, ya ba da iri da taki bashi, in rake ya nuna ya turo masu yanka da motocin ɗauka, ya auna a sikelinsa, sannan ya cire kuɗin duk waɗannan daga abin da manomi ya samu. Rake a wannan yanki yana ɗaukar wata goma sha takwas ko fiye kafin yankan farko, sannan a ci gyauronsa sau biyu ko uku. Ka ga ke nan mutum ya ɗaure gonarsa shekara biyar ko shida, babu masara, babu wake, yana jiran takarda ɗaya wadda shi bai ga lokacin da aka auna kayansa ba, bai kuma san yadda aka yanke kuɗin sufuri ba. Akwai manoman da takardar takan zo musu tana nuna cewa bayan cire-cire su ne ma ake bi bashi. Abin da ya ƙara ɗaure manomi shi ne rake ba ya jira: da zarar an yanke shi zaƙinsa ya fara raguwa, bayan kwana biyu zuwa uku ya fara lalacewa, don haka babu zancen a ajiye shi a rumbu a jira farashi kamar yadda ake yi da gero.

Muddin kamfani yana yanka a kan lokaci kuma yana biya a kan lokaci, mutane suna haƙuri da wannan duka. Da biya ya fara jinkiri na watanni, ga kuma wasu masana'antu masu zaman kansu a kusa, irin su West Kenya da Butali, suna biya cikin kwanaki, sai manomin da ke da kuɗin makarantar yara a wuyansa ya sayar musu da raken da Mumias ta ba shi iri da takinsa. Kamfanin yana kiran wannan satar rake, kuma ta fuskar yarjejeniya yana da gaskiya. Sai dai in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Daga nan abin ya zama zagaye: babu rake, inji ya tsaya, inji ya tsaya, babu kuɗin biyan manoma, ba a biya ba, wasu suka tumɓuke raken suka koma noman masara.

Hajiya Rabi Sakkwato ta amsa:

Malam Garba, bayaninka ya gamsar ta ɓangaren gona, amma ina ganin ka sassauta wa ofis. Jinkirin biyan nan ba daga sama ya faɗo ba. Cikin 'yan shekaru kamfanin ya ɗauko manyan ayyuka da bashin banki: tashar samar da wutar lantarki daga tuƙar rake, masana'antar sinadarin etanol, har da ta ruwan roba. A takarda dabara ce mai kyau, domin biyu na farkon suna cin ragowar abin da ke fitowa daga sarrafa rake. Amma tuƙar da za ta ba da wuta daga rake take fitowa, haka ma abin da ake yin etanol da shi, saboda haka da raken ya yi ƙaranci sai suka tsaya tare, bashin kuwa bai tsaya ba. Tun daga 2013 kamfanin ya shiga bayyana asara shekara bayan shekara.

Sannan akwai binciken da kamfanin binciken kuɗi na KPMG ya gudanar, wanda rahotonsa ya yi zargin almundahana a harkar shigo da sukari da sayar da shi. Sunan da aka fi ambata a muhawarar shi ne na Evans Kidero, wanda ya shugabanci kamfanin daga 2003 zuwa 2012 kafin ya zama gwamnan Nairobi a 2013. Ya musanta zarge-zargen, yana mai cewa lokacin da ya bar kamfanin riba yake ci, kuma lissafin shekarar da ya tafi riba ya nuna. Ni dai abin da ya fi damuna shi ne wanda ba a cika jin muryarsa ba, wato ƙaramin mai hannun jari. A 2006 gwamnati ta sayar wa jama'a wani kaso na hannun jarinta a kan shilin 49.50 kowane ɗaya; ranar da aka dakatar da ciniki a 2019 farashin bai kai rabin shilin ɗaya ba. Ko an yi la'akari da ƙarin hannayen jarin da aka raba kyauta a tsakani, wannan dukiya ta tafi. Manomi yana da ƙuri'a kuma yana da gonarsa. Mai hannun jari kuwa shi ne na ƙarshe a layi, bayan bankuna da hukumar haraji da ma'aikata.

Alhaji Tanko Ɗan Kasuwa ya amsa:

Hajiya, kin taɓo inda nake so in tsaya, wato ƙuri'a. Ko bayan sayar da hannun jari ga jama'a, gwamnatin Kenya ta riƙe kashi 20 cikin ɗari, don haka kamfanin bai taɓa zama na 'yan kasuwa zalla ba, bai kuma zama na gwamnati zalla ba. Yankin na al'ummar Luhya ne, waɗanda suna cikin mafi yawan jama'a a ƙasar, kuma duk mai neman shugabanci sai ya je ya yi alkawarin farfaɗo da Mumias. A 2015 gwamnatin Uhuru Kenyatta ta ba da tallafin shilin biliyan 1, aka ƙara wasu bayansa, amma kuɗin sun tafi ne wajen biyan tsofaffin basussuka, ba su sauya yadda ake tafiyar da kamfanin ba. A wannan shekarar dai Kenyatta ya je Uganda aka yi maganar buɗe wa sukarinta ƙofa, madugun 'yan adawa na lokacin, Raila Odinga, kuwa ya shiga yankin rake yana gangami yana cewa za a kashe manoma. Gaskiyar da babu ɗan siyasar da ke son faɗa a bainar jama'a ita ce kuɗin samar da sukari a Kenya ya fi na maƙwabtanta na COMESA, ƙungiyar kasuwanci ta ƙasashen gabashi da kudancin Afirka, tsada, shi ya sa ƙasar ta shafe shekaru tana neman a tsawaita mata kariya daga sukarinsu. Inda kuwa aka sami irin wannan tazarar farashi, lasisin shigo da kaya da fasa-ƙwauri sukan fi noma riba.

Abin da ya biyo bayan 2019 ya fi ban takaici. A 2021 attajirin nan Narendra Raval na kamfanin Devki ya nuna sha'awar karɓar masana'antar haya, 'yan siyasar yankin suka yi ca a kan yadda ake shirin ba shi, sai ya janye. A watan Disamba na shekarar aka ba kamfanin Sarrai na Uganda hayar shekara 20. Waɗanda suka rasa suka garzaya kotu, cikinsu har da West Kenya ta Jaswant Rai, wanda ɗan'uwan mai kamfanin Sarrai ne na jini. Babbar kotu ta soke hayar a watan Afrilu na 2022, kotun ɗaukaka ƙara ta dakatar da hukuncin, aka yi ta kai da komo. A watan Agusta na 2023 shugaba William Ruto ya fito fili ya ce masu hana ruwa gudu a harkar sukari zaɓi uku gare su: su bar ƙasar, su tafi kurkuku, ko su tafi lahira. Ba a jima ba aka janye ƙararrakin. Manoma da yawa sun yi murna, amma ni ban ga abin murna ba a ce barazana ce ta raba gardamar da ke gaban alƙali.

Abdu Mai Lissafi ya sake rubutawa:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara basira. Alhaji, na ji hujjarka, amma manomin da ya shekara huɗu yana kallon inji a tsaye da wuya ya damu da hanyar da aka bi aka tayar da shi. Malam Garba, yanzu da inji ya koma aiki, an gyara abin da ka ce shi ne tushen matsalar?

Malam Garba Na-Fadama ya amsa:

An taɓa wani ɓangare, Malam Abdu. A watan Nuwamba na 2024 Ruto ya sa hannu a sabuwar dokar sukari wadda ta dawo da hukumar kula da sukari ta ƙasa, wadda aka narkar cikin wata babbar hukumar noma bayan dokokin 2013, ta kuma dawo da harajin bunƙasa noman rake. A watan Janairu na 2025 ya je Mumias da kansa ya ƙaddamar da rabon garaɓasar shilin miliyan 150 ga manoma. Wanda ya karɓa ya ji daɗi, ba shakka, amma garaɓasar da shugaban ƙasa ya zo ya raba a dandali ba ita ce yarjejeniya ba. Abubuwan da zan sa wa ido su ne kwana nawa ake yi tsakanin yanka da biya, ko wakilin manoma yana tsayawa a bakin sikeli lokacin awo, da kuma wanda zai biya kamfani kuɗin iri da taki idan manomi ya kai rakensa wani wuri. Wannan na ƙarshen shi ne har yanzu ake jayayya a kansa, domin masana'antar da ta ba da bashi tana so a ɗaure manomi da yankinta, manomi kuwa da ya ɗanɗani biyan mako-mako ba ya son a mayar da shi hannun mai saye ɗaya. Game da maganar Hajiya Rabi kan masu hannun jari kuma, kuɗin hayar da ake karɓa masu bin bashi ne suke gaba a kansa, don haka ko inji yana aiki dare da rana, masu hannun jarin tsohon kamfanin sai sun jira bankuna sun gama ɗiba.